Matar da Ta Ajiye Fartanya da Sauran Ƙarfinta

A wani ƙauye an yi wata gwauruwa mai 'yar gonar gyaɗa. Gonar nan ita ce man miyarta, ita ce ƙuli-ƙulinta, ita ce abin da za ta ci har wata kaka.

Matar kuwa tana da ciwo wanda ido ba ya gani. Ba kumburi, ba gyambo, ba zazzaɓi, amma kafaɗunta da ƙugunta da gwiwoyinta suna yi mata zogi kamar an yi mata dukan kawo wuƙa. Takan farka daga barci a gajiye sai ka ce wadda ta wuni tana daka. Takan shiga ɗaki ta tsaya sororo, ta manta abin da ya kai ta. A asibiti an auna jininta aka ce ƙalau yake. Daga baya wani likita ya ce ciwon gaske ne, har ya faɗi sunansa, fibromayaljiya, sunan da harshenta bai taɓa iya juyawa ba.

Su mata takwas ne suke gayya a lokacin cirar gyaɗa: in an gama gonar wannan, a koma gonar waccan. Dokarsu ɗaya ce, wadda ba ta je wa mutane ba, ba za a je mata ba. Gonar gwauruwar ce ta ƙarshe a layi, ga shi damina tana ban kwana. In ƙasa ta bushe ta yi tauri, sai ka ja ganye ya taho, 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa.

Ran gayya ta fari ta farka, ta miƙa hannu, ba zogi. Ta murɗa wuya, shiru. Kai! Ta diro daga gado kamar budurwa, ta ce, “Na gode Allah, na warke!” Ko kunu ba ta tsaya sha ba, ta saɓi fartanya sai gona.

Zo ku ga aiki! Mata suka jera, kowa da kunyarta, aka sa waƙa. Kafin a kai tsakiya ita ta kai ƙarshe, ta juyo ta kama wata. Aka rangaɗa mata guɗa, kanta ya fasu, ta ƙara wuta. Har la'asar ba ta zauna ba. Wata mai kaifin baki a cikinsu ta ce, “Ashe dai lafiyarki lau, kike ta mana raki!” Gwauruwar ta yi dariya, don ta ji daɗin maganar.

Washegari ko kofin ruwa ba ta iya ɗagawa ba. Kwana huɗu tana kwance, gayya biyu suka wuce ta. Mata suka ce, “Mu da muka gan ta da idonmu? Ranar da ta ga dama take ciwo. A cire gonarta daga layi.”

Da labari ya iske ta, ta yi kuka mai cin rai, gama ta san ita kaɗai ba za ta cire ko rabin gonar ba kafin ƙasa ta ƙi.

Uwar gayya, wata tsohuwa da ba ta yanke magana sai ta gani, ta zo dubiya. Ta dafa kafaɗarta a hankali don ta gaishe ta, sai matar ta saki ƙara. Tsohuwa ta janye hannu, ta dube ta da kyau.

“'Yata, dafawar nan ce ta yi miki zafi haka?”

“Iya, wani lokaci ɗaurin zane ma zafi yake mini. Na gaji da faɗa, ba mai yarda.”

“Ni na yarda. Amma ke ma kin yi wauta. Ƙarfin kwana huɗu aka ba ki, kika cinye shi a wuni ɗaya don a yi miki guɗa. In kin tashi, kunya ɗaya za ki yi, ki koma inuwa ki riƙa tsinke mana gyaɗa daga ganye. Gonarki kuwa tana nan a layi. Wadda ta yi magana, ta zo ta same ni.”

Haka aka yi. Rana ta fari da ta biyu jikin yana ciwo, zaman inuwa bai yi mata wuya ba. Rana ta uku ce jarabawa, domin ta sake farkawa garau, jikinta sakayau. Aka sa waƙar da ta fi so, ƙafafunta suna ta motsi da kansu. Ta gama kunyarta tun wasu ba su yi nisa ba, mai kaifin bakin nan ta ɗaga murya, “Ga wata kunyar, gwanar aiki! Ko yau ma ciwon ne?”

Hannunta har ya kai kan ganye. Zuciyarta tana cewa, nuna musu! Ta tsaya, ta ja numfashi, ta ajiye fartanya. Ta ce, “Ƙarfina bai ƙare ba, yaya. Na gobe ne nake ajiyewa.” Ta tafi gindin ɗorawa ta zauna, tana jin kunya kamar ta nutse, ta ja kwando ta hau tsinka.

Da gari ya waye, jama'a, ta tashi! Da ciwo, amma da ƙafafunta. Ta je gona. Kashegari ma ta je. Mata suka lura kuma cewa da can sai sun gama cira suke zaman tsinka a gajiye, yanzu kuwa suna fitowa daga kunya suna tarar da kwanduna sun kusa cika. Mai kaifin bakin da kanta ta fara kawo mata ganye har inuwa, tana cewa, “Kada ki tashi, ni zan kawo.”

Ran gonarta, duka bakwai ɗin suka zo tun da sanyin safiya. Ƙasa ta fara ɗaurewa daga sama, amma ciki da sauran laima, gyaɗa tana fitowa jingim da 'ya'yanta. Gwauruwar tana zaune tana tsinka, tana dariya, hawaye yana zuba. Da aka ciro gindi na ƙarshe, ita ce ta rangaɗa guɗa, daga zaune.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Gonar nan ita ce aikin da Ubangiji ya danƙa wa kowannenmu, gayya kuwa ita ce ikilisiya. Ku lura, matar nan ba ta warke ba. Abin da ta koya shi ne ta karɓi ƙarfi a yadda aka ba ta shi, rana-rana, ta daina ƙona shi don neman yabon mutane. Kai mai fama da irin wannan ciwo, ranar da ka ji sauƙi ita ce ranar yin hattara. Tsayawa da sauran ƙarfi ba ragwanci ba ne, ba kuwa ƙarancin bangaskiya ba. Ka bi shawarar likitanka, ka faɗi gaskiyar jikinka ba kunya. Allah da ya yi jikin ya san iyakarsa.

Mu kuma masu lafiya, sau nawa muka sa mara lafiya ya ji wa kansa rauni don kawai mu yarda da shi? Ni kaina na yi, ina kuwa jin kunyar abin.

Saboda haka ran Lahadi, in aka ce a miƙe a yi waƙa, kuka ga wata ta ci gaba da zama, kada ku harare ta, kada ku zungure ta. Wataƙila ƙarfin da zai kai ta gida take tattali. Ku zauna kusa da ita, ku riƙe mata littafin waƙa, ku yi waƙar tare.