Makaniken da Ya Kashe Fitilar Gargaɗi

An yi wani mutum, makaniken babura, gwani ne na gaske a kan tsofaffin injuna. Aibinsa ɗaya: bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba".

Wata rana mijin ƙanwarsa ya kawo masa babur, irin manyan nan na zamani. Shokozobar irin wannan babur, wato abin da ke shanye girgizar hanya, ba da sifana ake saita ta ba. Maɓalli ake dannawa, wani ɗan inji a cikinta ya ƙara mata tauri ko ya sassauta, gwargwadon nauyi da yanayin hanya. To, fitilar gargaɗi ta kama, bayan babur kuma yana ta lilo. A kan babur ɗin nan surukin yake kai matarsa wurin aiki kullum.

Ya ce, "Yaya, a duba min da kyau. Ka dai san wadda nake goyawa."

Ya 'yan uwa, gwajin ba ɓoyayye ba ne. A jona na'ura a karanta abin da ta nuna. A danna maɓalli, a kasa kunne ko ɗan injin zai motsa. A danne kujera a saki, a ga ko za ta dawo a hankali ta tsaya. Duk ya yi. Ɗan injin shiru, kujera kuwa sai tsalle take. Ya tabbata shokozobar ta maƙale a kan laushi. Amma waya ce, ko injin ne, ko ƙwaƙwalwar babur? Ya bi ya bi, bai gano ba.

A layinsu akwai mai gyaran lantarki wanda wannan aikinsa ne. Amma ina! A ga oga guda yana tura babur shagon wani? Sai ya cire soket, ya saƙala wani ɗan abin yaudara da zai sa ƙwaƙwalwar ta ɗauka komai lafiya. Fitila ta mutu. Ya naɗe wurin da baƙin salatif, ya mayar da kujera.

Surukin ya dawo ya tambaya, "An gwada?"

Ya ce, "Wallahi na gwada. Ras take."

Shin cutar ya kashe, ko bakin da ke faɗin cutar ya toshe?

Ba a jima ba surukin da matarsa suka shiga wata kwana mai gargada, ita tana baya. Babur ya dunguri rami, bayansa ya yi sama, ya dawo, ya sake yin sama, taya ta rabu da kwalta. Mijin ya tsira da ƙujewa. Ita kuwa bayanta ya bugi bakin kwalbati. Likitoci suka ce ba za ta sake takawa ba.

Makaniken ya je asibiti yana kuka. Ta kalle shi daga kan gado ta ce, "Yaya, daina kuka. Ai kai ka duba shi da hannunka. Ƙaddara ce."

Ya share hawaye, ya fita.

Da aka kwashi babur ɗin, shagon mai lantarkin nan aka kai shi. Yana ɗaga kujera ya ga salatif, ya kira mijin ya nuna masa abin da ke ciki. Mijin bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya zo shagon makaniken, ya sa masa abin yaudarar a tafin hannu, ya ce, "Ban faɗa mata ba. Ba zan iya ba."

Zance ya zaga layi, masu babura suka janye, shago ya rufe. Wannan duk mai sauƙi ne. Har yau makaniken ne ke tura ta a keken guragu zuwa asibiti, tana sa masa albarka a gaban mutane, kowace albarka kuma tana ƙona shi. In ya faɗa mata, ya karya abin da ya rage mata. In ya yi shiru, da wace fuska zai tsaya gobe kiyama? Ni kaina da nake ba ku labarin, ban san shawarar da zan ba shi ba.

Ya 'yan uwa, aikin da aka damƙa maka amana ne, ko da a ƙarƙashin kujera yake inda ido ba ya kaiwa. In abu ya fi ƙarfinka, ka ce ya fi ƙarfinka. Kada ka rantse da Allah a kan abin da ka rufe da salatif.

Allah ya kiyaye mu daga girman kan da wani zai biya da jikinsa, ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Amin.