Rantsuwar Lasifika

An yi wani mutum mai gyaran rediyo, ya 'yan uwa. Ba zan faɗi garinsu ba, don kada wani ya ce da shi nake, ko da yake ina hango wasu har sun fara gyara zama.

Allah ya ba mutumin nan murya. Jam'iyyarsu ta gano haka, ta ɗora shi a bayan motar yaƙin neman zaɓe, ta danƙa masa abin magana. Daga nan sunansa ya ɓace, kowa Lasifika yake ce masa. Ni da na yi furfura ina ɗaga murya rabin sahu na gyangyaɗi, na san darajar wannan baiwa.

Yana da yaya, mai shagon magani. Ubansu ya rasu Lasifika yana ƙarami. Yayan nan ne ya riƙe shi, ya kai shi koyon sana'a, ya kama masa shago, ya yi masa aure. Mahaifiyarsu kuma tana gidan yayan, a ɗakin da tagarsa ke kallon titi, ciwon ƙafa ya zaunar da ita.

Lasifika da yayan nan jam'iyyarsu ɗaya. Yayan ya nemi kujerar kansila, aka yi zaɓen fidda gwani, aka kayar da shi. Ya ce maguɗi aka yi masa. Ko an yi ko ba a yi ba, ni dai ba na wurin. Sai ya fice, ya tsaya takara da ƙafarsa, ba jam'iyya.

Shugaban jam'iyya ya kira Lasifika ofis, ya ce, "Ana ta magana fa. Wai da rana kana motarmu, da yamma hannunka na cikin kwanon yayanka. Kai namu ne ko nasa?"

Ku saurara da kyau. Da ya ce, ƙuri'ata ta jam'iyya ce, amma yayana yayana ne, da babu wanda zai ce ya yi zunubi. Ƙuri'arka taka ce, ka jefa inda ka ga gaskiya. Amma me ya yi?

Ya sa direba ya tsayar da mota a ƙofar gidan yayan. Ya juya bakin lasifika ya yi saitin bangon gidan. Ya kira shi maci amana. Ya tono abubuwan da ƙane ne kaɗai zai sani: rigimarsa da matarsa, ranar da ya yi kuka a cikin gida, ciwon da yake ɓoye wa mutane. Da ya ga ana tafi, kansa ya ƙara kumbura, ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Na rantse da Allah, ni da mutumin nan ba za mu sake zama ƙarƙashin rufi ɗaya ba!"

Tagar tsohuwa a buɗe take. Tir! Bakin da aka ciyar a gidan nan, shi ne ya dawo yana amai a ƙofarsa.

Ba a jima ba ciwon tsohuwa ya tsananta. Ƙanwarsu ta sami Lasifika a shagonsa, ta ce, "Yaya, Inna na kiranka."

Ya ce, "Kin san na rantse. Ku fito da ita waje."

Ta ce, "Waje? Matar da ko juyawa sai an juya ta? Ita rediyo ce da za a ɗauko a kawo maka?"

Limamin unguwarsu ya je ya same shi. Limami ne irina, mai yawan magana da ƙarancin masu saurare. Ya gaya masa rantsuwar yanke zumunci karya ta ake yi, a ciyar da miskinai goma, shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Lasifika ya ce, "Malam, ba ciyarwar ba ce ta dame ni. Zaɓe ya matso. Idan aka ga na shiga gidan nan, me zan ce wa shugaba?"

Kun ji? Bai ce me zai ce wa Allah ba.

Ya dai je, amma a titi ya tsaya, jikin taga. Ya yi sallama, ya yi gaisuwa. Tsohuwa ta ce daga ciki, "Muryarka ta ishe ni, ran nan ma na ji ta. Fuskarka nake son gani."

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri a gama zaɓe."

Sai ta ce wa 'yarta, "Rufe tagar."

Ba ta kai zaɓe ba. Sallar gawa ya samu, tunda a fili ake yin ta, babu rufi.

Aka yi zaɓe, yayan ya ci. To, kun san jam'iyya ba ta fushi da mai kujera. Kafin a gama yage hotuna a bango, maci amanar jiya ya zama ɗanmu ya dawo gida. Aka shirya tarbarsa a ofis, aka jera kujerun roba, shugaba ya rungume shi har hularsa ta faɗi. Sai shugaba ya aika a kira Lasifika.

Ya 'yan uwa, ofishin nan yana da rufi. Yayan kuma yana ciki.

Lasifika ya zo da gudu. Bai tsaya a ƙofa ba, bai nemi taga ba, bai ce a fito da shugaba waje ba. Kai tsaye ya faɗa ciki yana washe baki. Yayan ya dube shi daga kai har ƙafa, ya ce, "Ashe tana karyuwa."

Abin da ya faɗa ke nan. Sauran shugaba ne ya ƙarasa. Ya ce jam'iyya ba za ta lamunci mai zagin manya ba, ya karɓe abin maganar, ya ba wani. Waɗanda suka tafa masa a ƙofar gidan, su ne suka raka shi waje da dariya.

Ya koma shago. Masu kawo gyara suka janye, don babu mai son ajiye kayansa, balle sirrinsa, a wurin wanda ya yi tallan yayansa a titi. Ƙanwarsa ta daina bin layin shagon. Da duniya ta yi masa zafi, ya aika a roƙar masa gafara. Yayan ya ce, "Nawa na yafe. Na Inna kuwa, sai ya je ya tambaye ta."

Ina zai je?

Ban ce kada ku yi jam'iyya ba. Ku yi, ku sa hula, ku hau mota. Idan ɗan takara ya fice, ku bi shi ko ku bar shi. Amma ku sani, manyan nan da kuke yanke zumunci dominsu, gobe za su rungumi juna, ku kuma a bar ku da abin da bakinku ya faɗa. Jam'iyya tana karɓar wanda ya fita. Kabari ba ya mayar da wanda ya shiga. Duk wanda yake da uwa ko ɗan'uwa a bayan wata ƙofa da ya rantse ba zai shiga ba, ya tashi daga nan ya je ya shiga, tun taga tana buɗe.

Ya Allah, kada ka sa tsoron mutum ya fi mana tsoronka. Ka kama harsunanmu ranar da ake tafa mana. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zumuncinmu. Amin.