Kurege Sarkin Ruwa da Karan Awo

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Malam.

A wata shekara aka yi fari a wani daji. Sunan dajin ya ɓace mini, na dai san na taɓa ratsa shi da ƙafa. Ruwan sama ya ɗauke da wuri, rafuka suka ƙafe, ƙasa ta tsattsage, sai tafki ɗaya tak ya rage, shi ma kullum ja da baya yake yi.

Giwa ta tara dabbobi ta ce, "Daga yau kowa ƙoƙo ɗaya da safe, ƙoƙo ɗaya da yamma, har damina ta faɗi. In tafkin nan ya ƙafe, mun ƙare."

Tsoho Kunkuru ya samo karan dawa dogo, ya yi masa zane-zane, ya kafa a cikin ruwan. Ya ce kullum zane ɗaya ruwa zai sauka, in ya wuce haka, akwai ɓarawo. Saura mai tsaro.

Kurege ya yi tsalle ya ce, "Ranki ya daɗe, ni cikina bai fi ƙwallon goriba ba. Ko na sha, me zan sha?"

Aka yi dariya, aka naɗa shi Sarkin Ruwa.

Ashe Kurege yana da 'yar gonar gyaɗa a bayan suri. Da rana ta take, kowa ya kwanta a inuwa, sai ya ɗiba, ya kai, ya zuba. Ya ɗiba, ya kai, ya zuba. In ya gama sai ya haye kan karan awo ya danna shi cikin laka, har ruwa ya daidaita da zanen ranar. Yau ya danna, gobe ya danna.

Ran nan da safe Kunkuru ya zo shan nasa, ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Sarkin Ruwa, karan nan da na kafa ya kai gwiwar Giwa. Yanzu ga shi bai kai kunnenka ba."

Kurege ya ce, "Baba, ai tsufa ne. Kai ma da ka fi haka tsawo."

Kura, wadda ƙishirwa ta bushe wa maƙogwaro, ta fizgo karan. Sai ga rabinsa laka. Ta take wutsiyar Kurege ta ce, "Ɗan nema, ina ruwanmu?"

"Gwaggo, sassauta! Na san ɓarawon, kunyar faɗa nake ji, don babba ce."

"Wace ce?"

Ya nuna sama ya ce, "Rana. Kullum a gabana take sha. Na danna kara ne don in rufa mata asiri."

Giwa ta ce sai da shaida. Kurege ya cika ƙoƙo biyu, ya rufe ɗaya da faifai ya sa a inuwa, ya bar ɗaya a buɗe a kan dutse. Kura ta zauna gadi, ba ta ko ƙifta ido. Kafin la'asar na inuwa yana nan a cike, na kan dutse ya ragu. Kurege kansa sai da ya yi mamaki, don bai zaci ƙaryarsa tana da gaskiya har haka ba.

Nan take Kunkuru ya sa aka haƙa rami mai zurfi, mai ƙaramin baki, a ƙarƙashin tsamiya, aka janyo sauran ruwan ciki, aka rufe da zana. Kurege ya kakkaɓe wutsiya zai wuce, sai Kura ta ce, "Tsaya. Ba kai ne Sarkin Ruwa ba? Je ka karɓo mana wanda Rana ta sha. Kwana uku. In babu ruwa, da kai zan jiƙa maƙoshi."

Kurege ya tafi yana saƙe-saƙe. Ya zauna, ya tashi, ya zauna. Can sai ya ɗaga kai ya ga Shamuwa a kan kuka, ta sauka ke nan daga kudu.

Ya ce, "Yaya Shamuwa, sannu da hanya. Ina kika baro hadari?"

Ta ce, "Yana bayana, jibi zai iso. Duk ruwan da rana ta kwasa a tafkuna, can sama yake taruwa. Ya yi nauyi, ya kusa zubowa."

Ran jibi Kurege ya tara kowa, ya hau suri, ya riƙe ƙugu, ya daka wa Rana tsawa: "Ke! Maido mana ruwanmu yau, kada in hau nan in same ki!"

Bai rufe baki ba gabas ta yi baƙi. Iska ta taso, aka kece da ruwa. Aka yi ta yi, aka yi ta yi, tafki ya cika ya tumbatsa, ya bi gangare ya shige kogon Kura, ya tafi da shimfiɗarta da ƙasusuwan da ta ɓoye.

Kura ta fito sharkaf ta ce, "Wanda ta sha aka ce ka karɓo! Wannan ƙarin fa?"

Kurege ya ja da baya ya ce, "Haba Gwaggo, ba kya zuwa kasuwa? Ai gyara ta yi mana."

Ta kai masa cafka, ya faɗa rami, ta tashi da bakinta cike da taɓo.

Shi ya sa har yau in kurege ya fito, sai ya miƙe a kan ƙafa biyu ya duba ko Kura na kusa, sannan ya lulluɓe kansa da wutsiya. Nauyin Rana yake ji, don bai san ko ta ji tsawar nan ba.

Ƙurunƙus kan jiƙaƙƙiyar kura. In za ku ɗora wa wani laifinku, ku zaɓi na nesa, amma ban da wanda zai wuni a bisa kanku kullum.