Birkin Alkasum da Irin Gero

Akwai wani direba a Damagaram mai suna Alkasum. Ba mugu ba ne, amma ba ya son a ce masa "ga yadda ake yi".

A shekarar farin da shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, mutanen ƙauyensu da ke bayan Tirmini sun cinye har irin shuka. Da ƙyar suka harhaɗa buhu goma na irin gero a birni. Suka turo kawunsa Sha'ibu ya rako kayan, Alkasum ya kai a tsohuwar bashensa, motar nan mai buɗaɗɗen baya.

Hadari ya fara leƙowa daga gabas. In iri bai isa kafin ruwan farko ba, shekara ta sake tafiya.

Birkin motar kuwa ya daɗe yana kuka. Alkasum ya sayo fatun birki, ya ɗaga mota a ƙofar gida, ya canza da hannunsa.

Da ya taka, birki ya nutse har ƙasa. Sai a taku na uku ya kama.

Ya sake kwance tayoyi. Ya tarar man birki yana ɗiga a tayar baya ta hagu, ashe ya yaga robar da ke tare man wajen ɗauri. Ya nemi irinta, babu. Ya ɗauko guduma ya daddatse tiyon da ke kai mai wurin, ɗigar ta tsaya. Yanzu kuma in ya taka, mota na fizga dama.

Ana cikin haka Baba Ari ya biyo. Tsohon makaniki ne, a garajinsa Alkasum ya yi shekara biyu kafin ya fice, wai ya iya.

Baba Ari ya leƙa ƙarƙashi. "Wa ya kashe wannan ƙafar?"

"Ni ne, Baba. Uku sun isa."

"Jaki kake tsammani? Ga iska kuma ta shiga tiyo. Fitar da ita aikin mutum biyu ne, ɗaya na takawa, ɗaya na kwance noti. Ina da tsohuwar roba a gida. Shiga ka taka mini."

Masu zaman inuwa suna kallo. Alkasum ya ji kunya ta rufe shi.

"Baba, je ka huta. Duba nan."

Ya tayar da mota, ya zagaya fili, ya taka sau uku, ta tsaya cak. Mutane suka yi dariya.

"Ba komai a bayanta," in ji Baba Ari. "Ɗora mata kaya ka gwada."

Bai gwada ba.

Washegari da hantsi aka loda buhu goma. Kawu Sha'ibu ya ƙi shiga gaba.

"A kan irin zan zauna, ɗana. Amana ce. Motar lafiya dai?"

"Lafiya lau, Kawu."

Sun wuce Tirmini, sun sauka daga babbar hanya. Akwai gangare da ke faɗawa cikin wani busasshen kwari. A ƙasan gangaren sai ga ragowar garken wani makiyayi, shanu ƙashi da fata, sun tare hanya, ba su da ƙarfin gudu.

Alkasum ya taka, babu. Ya sake takawa, babu. A na uku birki ya kama, nauyi ya turo daga baya, mota ta fizga dama ta kife.

Alkasum ya fito da ƙafarsa. Kawu Sha'ibu mota ta danne shi daga ƙugu. Bai sake tsayuwa ba har ya bar duniya.

Buhuna suka fashe, iri ya bi yashi. Matan ƙauye suka zo da rariya, kwana biyu suna tankaɗe ƙasa. Buhu uku suka tsira da shi.

Ruwa ya sauka a rana ta huɗu. Gonaki fiye da rabi ba a shuka ba. Gidaje da yawa suka kulle ƙofa suka yi kudu.

A kwarin nan kuwa gero ya tsiro, kore shar, cunkus, a inda ba gonar kowa ba. Awaki suka cinye shi. Duk wanda zai shiga ƙauyen sai ya wuce ta wurin.

Baba Ari ne ya zo ya jawo motar. Bai yi wa Alkasum gori ba. Ya canza tiyo, ya sa robar, ya kwanta a ƙarƙashi.

"Shiga. Taka. Riƙe. Saki."

Kafin shayin da aka ɗora ya tafasa, birki ya kama a taku ɗaya. Alkasum ya kifa kai a sitiyari, ya kasa fitowa.

Darasi: Aikin da rayuka ke kansa ba a rufe masa aibi don jin kunyar mutane. In gyaranka ya nuna alama, ka tsaya, ka kira wanda ya fi ka sani, ka gwada da nauyin da za ka ɗauka. Ku tura wa duk mai riƙe da sitiyari.