Babin da Ba a Kira Sunansa Ba

Akwai wani mutum mai tsara littattafai a kwamfuta. Gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. Dattawan ikkilisiya suka ba shi aikin littafin tarihin majami'unsu, shafi ɗari shida, a buga kafin bikin cika shekara hamsin.

Da ya ga yawan aikin, ya ce a ransa, "In na zuba wannan duka a fayil guda, kuskure ɗaya sai ya sa ni laluben mako." Sai ya rarraba shi. Ya yi babban fayil, ba kome a ciki sai sunayen gundumomi huɗu. Kowace gunduma da nata fayil mai kiran sunayen ƙauyukanta, kowane ƙauye kuma da nasa babi. In ya danna maɓalli, babban fayil ya kira gunduma, gunduma ta kira ƙauye, littafi ya haɗu tsaf. Kai, aiki ya yi kyau! Mutumin nan har yana kaɗa ƙafa.

Saura kwana biyu a kai maɗaba'a, ya kawo bugun gwaji na littafin majami'a domin a duba. Wata tsohuwa, matar wani mai bishara da ya rasu, ta karɓa, ta yi ta buɗawa tana lasar yatsa har bangon ƙarshe. Ta ɗago ta ce, "Ɗana, ina Tudun Kanya? Shekara talatin maigidana ya yi a can. Da bakina na ba ka labarin."

Ya ce, "Haba Mama, yana ciki mana! Da hannuna na rubuta."

Ta ce, "To, nuna mini."

Ya duba gaba, ya duba baya, babu. Kunya ta rufe shi. Ya buɗe kwamfuta, ga babin nan lafiya lau, ko ɗigo bai ɓata ba. Ashe a fayil ɗin gundumar arewa ƙauye goma sha ɗaya ya rubuta, na sha biyun ya tsallake. Kwamfuta kuwa ba ta yi ƙorafi ba, gama abin da aka kira shi take kawowa. Layi ɗaya ya ƙara, babin ya shigo. Ya durƙusa ya miƙa mata kwamfutar. Ta ɗora yatsa a kan sunan mijinta, hawaye suka zubo mata.

Ma'anar wannan misali ita ce: littafin nan jama'ar Allah ce. Ubangiji ya tsara mu gida cikin ƙungiya, ƙungiya cikin ikkilisiya, domin kada nauyi ya taru a kan mutum ɗaya. Fasto ba zai iya kiran kowa da kowa ba. Yana kiran dattijo, dattijo ya kira maigida, maigida ya kira na gidansa. Wanda ka tsallake ba zai yi ihu ba, kujerarsa ce kawai za ta zauna wayam, sujada kuma ta ci gaba kamar ba a rasa kowa ba.

'Yan'uwa, goma sha ɗaya ba goma sha biyu ba ne. Kowa ya ƙirga waɗanda aka sa a hannunsa. Wanda ka daɗe ba ka kira sunansa ba, kafin ka ci tuwon rana yau, ka je ƙofar gidansa ka kira shi.