Sarkin da Ya Makantar da Ƙaninsa

Akwai wani sarki da ya yi mulki a birnin Kustantiniya, sunansa Kalinikos. Da takobi ya hau gadon sarauta, saboda haka kullum gani yake wani ma na wasa nasa takobin. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko kifi aka kawo masa, sai mai dafawar ya fara ci a gabansa.

Yana da ƙane, Fotinos, shi ne shugaban rundunar gabas. Duk yaƙin da ya fita sai ya dawo da nasara.

Ranar da Fotinos ya dawo daga wani yaƙi, aka yi tseren keken doki. Sarki na zaune a rumfarsa, sai ya ji jama'a sun ɗauki kirari, ba nasa ba, na ƙaninsa. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

Matarsa Zenobiya ta ce, "Maigida, zauna mana. Ƙaninka ne fa. Kai ka koya masa hawan doki."

Ya ce, "Shi ya sa na san yadda yake iya hawa."

Kafin sati ya zagayo, ya sa aka kama Fotinos. Ana jan shi yana cewa, "Yaya, me na yi? Faɗa mini laifina, ko ɗaya ne!" Sarki ya juya baya. Aka sa ƙarfe mai zafi aka makantar da shi, don makaho ba ya sarauta. Aka kai shi gidan masu zuhudu a wani tsibiri.

Hankalin sarki bai kwanta ba. Yanzu sojojin yake tsoro, sai canza musu shugabanni yake yi. Da abokan gaba suka ji Fotinos ba ya nan, suka dinga cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Burodi ya yi wuya a birni. Sojoji suka gaji, suka naɗa wani sarki, suka tuɓe wa Kalinikos jan takalmin sarauta, suka aske masa kai, suka jefa shi a jirgin ruwa.

Tsibirin nan aka kai shi. Shugaban gidan ya ce, "Nan kowa da aikinsa. Kai za ka riƙa yi wa makahonmu jagora."

Kalinikos ya tsaya gaban ƙaninsa. Fotinos ya lalubo hannunsa, ya shafa, ya gane shi.

Ya ce, "Yaya, kai ne? Taka a hankali, babu mai bin ka a nan."

Tsohon sarki ya durƙusa ya fashe da kuka.

Darasi: Zargi marar dalili yakan sa mutum ya karya hannun da ke kare shi. Kafin ka cuci ɗan'uwanka saboda tsoro, bincika zuciyarka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani ya fasa abin da yake shirin yi.