Sarkin Da Ya Sallami Masu Unguwanni

An ce wani sarki ya mulki wani birni mai unguwa goma sha biyu, kowace unguwa da mai unguwarta da dattawan da ke zama tare da shi. Al'adar garin tun kaka da kakanni ita ce, duk abin da ya dami mutum sai ya kai wa mai unguwa. Abin da mai unguwa zai iya kashewa ya kashe shi a zaurensa, abin da ya fi ƙarfinsa ya ɗauka ranar Alhamis zuwa majalisar birni, inda sarki da waziri da alƙali ke zama. Abin da aka yanke kuma, shi ke komowa da shi ya faɗa wa jama'a.

Sarkin nan yana son adalci ƙwarai, amma mutum ne mai gaggawa, wanda in abu ya tsaya masa a rai ba ya iya zama wuri ɗaya. Wata rana aka gano cewa ɗaya daga cikin masu unguwannin ya danne ƙarar wani masaƙi har wata huɗu, saboda wanda ake ƙara surukin mai unguwar ne. Sarki ya miƙe daga karaga yana huci, ya ce, "Ashe tsakanina da talakawana akwai katanga goma sha biyu ban sani ba! Daga yau na sallami masu unguwanni daga majalisa. Kowa ke da kuka ya zo da ƙafarsa, ya faɗa da bakinsa. Kada wani ya sake magana a madadin wani."

Waziri Cindo ya sunkuya ya ce, "Ya sarki, ɗaya ne ya yi laifi, sha ɗaya ba su yi ba."

Sarki ya ce, "Wake ɗaya shi ke ɓata gari. A yi shela."

Aka yi shela, aka buɗe ƙofar fada tun hantsi har la'asar. Makon farko attajirai suka zo, da malamai, da waɗanda suka saba da shiga fada. Mako na uku mutane suka ragu. Kafin damina ta yi nisa, sai a wuni ba wanda ya leƙo. Majalisa ta ci gaba da zama ita kaɗai, ta yanke abubuwa cikin sauri yadda sarki ke so, har ta ba da umarnin gina doguwar katanga ta kewaye rumbunan hatsin gari a gabas.

Fadawa suka riƙa cewa, "Allah ya ba ka nasara, gari ya zauna lafiya, shi ya sa babu mai kuka." Amma shirun nan bai kwanta wa sarki a rai ba. Ya zauna, ya tashi, ya je bakin soro ya dubi hanya, ya komo. A kawo masa abinci ya taɓa ya ture. Ya tambayi dogari, "Ba kowa?" A ce ba kowa. Jim kaɗan ya sake tambaya. Ya san garinsa: gari ne da akuya ba ta cin danga a bar maganar ta kwana. Yaya za a ce wata uku babu rijiyar da ta rufta, babu maƙwabtan da suka saɓa?

Ran nan da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, ya ce a ɗaura masa sirdi. Bai jira tambura ba, bai jira fadawa ba, shi da waziri da dogari biyu suka fita. Ya ratsa kasuwa, ya bi ta bayan sabuwar katanga, ya gangara Unguwar Marina. Nan dokinsa ya tirje. Ruwa baƙi ƙirin ya kwanta a lungu har gwiwa, yana wari. Ramukan rini sun cika sun tumbatsa. Ya duba dama ya ga gida an toshe ƙofarsa da ƙaya, ya duba hagu ya ga wani haka, da wani, da wani. Ya ƙirga har ashirin da bakwai, ya daina.

A kan wani tudu ya hangi dattijo zaune a kan buzu yana gyaran igiyar guga. Waziri ya ce, "Wannan shi ne Jatau, mai unguwar nan kafin a sallame su."

Jatau ya taso ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki bai bari ya ƙare ba, ya ce, "Ina mutanen gidajen nan?"

"Sun tashi, ranka ya daɗe. Wasu ƙauye, wasu garin maƙwabta."

"Me ya kore su?"

"Katangar rumbuna ta toshe magudanar da ruwan unguwar nan ke bi tun zamanin kakanka. Ruwa ya rasa hanya, ya shiga marina, ya kwashi baban rini da toka ya zuba a rijiya. Yara suka kama gudawa. Mun binne biyar."

Sarki ya ji kamar an soke shi. Ya daka tsawa, "Ƙofata a buɗe take wata uku! Me ya hana su zuwa?"

Jatau ya ce, "Ya sarki, in ka yarda in yi tambaya. Daga fada zuwa nan, da daga nan zuwa fada, wanne ya fi nisa?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Hanya ɗaya ce."

"A ƙafar doki ɗaya ce. Kai ka taso da hantsi, ga shi rana ba ta take ba ka iso. Amma cikin waɗanda suka tashi akwai wata tsohuwa, Tabawa mai ƙosai, ta kama hanyar fada sau bakwai, har yau ba ta isa ba. Ran farko ta ga dogarai da jajayen riguna ta juyo. Ran na biyu aka ce ta jira, ta jira har aka rufe ƙofa. Ranar da ta kai bakin soro, ta hango rawuna jere, sai harshenta ya bushe, ta manta da wace kalma ake fara yi wa sarki magana. Ni kuwa ta bisa katanga take kirana in zan tafi masallaci, ta ce, Jatau, ruwan rijiya ya canza. Ba sai ta nemi mayafin aro ba."

Sarki ya murɗa linzami a hannunsa. Can ya ce, "To kai fa? Kai ba baƙon fada ba ne, kuma harshenka ba ya bushewa, na gani. Me ya hana ka zuwa? Fushi ka yi don na sallame ka, ka bar yara suka mutu?"

Waziri ya sunkuyar da kai, dogarai suka gyara tsayuwa. Jatau bai razana ba. Ya ce, "Na zo, ya sarki. Tun ranar da aka haƙa harsashin katangar na zo, don na san inda ruwa ke bi. Sarkin dogarai ya tambaye ni, kukan naka ne ko na wani? Na ce na unguwa ne. Ya ce sarki ya hana wani ya yi magana a madadin wani. Na komo bayan ruwa ya shiga gidaje, ya ce, ya shiga naka? Gidana kuwa ga shi a kan tudu, ko ɗigo bai shiga ba. Ban iya yin ƙarya a ƙofar sarki ba. Wanda ke da kukan ba shi da bakin, mai bakin kuma an ce ba shi da kukan. Dogarinka bai yi laifi ba, umarninka ya bi."

Sarki ya juya ya dubi Waziri Cindo, waziri bai ɗago ba. Ya dubi gidajen da aka toshe da ƙaya. Sai ya sauko daga kan doki, ya tsoma ƙafarsa cikin ruwan nan da takalminsa da alkyabbarsa, ya taka har gaban dattijon.

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, mai unguwa ya ci amanata, shi ya sa na yi abin da na yi. Me ya kamata in yi?"

Jatau ya ɗaga igiyar da ke hannunsa ya ce, "In guga ɗaya ya yi yoyo, gugan ake sakewa. Ba a tsinke igiyoyin gari duka a ce mai jin ƙishirwa ya shiga rijiya da kansa. Ka mai da masu unguwanni, amma ka bar kowace unguwa ta zaɓi dattawan da za su zauna da mai unguwarta. In ya komo daga majalisa, ya tsaya a fili ya faɗi abin da ya kai da abin da aka ce masa, kowa na ji. Wanda ya san za a tambaye shi gaban maƙwabtansa ba zai danne kukan masaƙi ba. Kuma kada majalisa ta ɗora tubali a wata unguwa sai ta tambayi masu kwana a cikinta."

Sarki bai koma fada ba sai da ya ga an fasa katangar, ruwa ya sami hanyarsa. Ya sa aka yashe rijiya, ya aika manzanni su bi waɗanda suka tashi su ba su haƙuri. Gida goma sha tara suka komo. Tabawa ba ta komo ba. Jikanta na cikin biyar ɗin da aka binne, ta ce wa manzon ta yafe, amma ba ta iya sake ɗiban ruwa a rijiyar nan.

Da aka kawo wa sarki wannan amsa, majalisa cike take, masu unguwanni sha biyu na zaune, ana ta gardama a kan dangar wani da akuyar wani. Sai sarki ya dubi alƙali ya ce, "Rubuta, don wanda zai gaje ni: adalcin da bai san hanyar lungu ba, ado ne kawai na fada."